Ɗan Tsagin da Ke Karya Shaf

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, motocin a-kori-kura kan kama hanyar Gumel maƙare da riɗi da zoɓo da awaki. Shaf ɗin da ke juya tayar baya a irin waɗannan motoci aiki biyu yake yi lokaci guda: injin yana murɗa shi, nauyin kaya da ramukan hanya suna lanƙwasa shi. Haka shaf ɗin injin niƙa yake a ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, bel yana jan sa gefe, shi kuma yana juyi.

Mai wannan rubutu injiniya ne, aikinsa duba ƙarafan da suka karye. Idan aka kawo masa guntun shaf, mai kayan yakan ce, "Oga, ƙarfen ne jabu." Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa bakin karayar yana nuna wani abu dabam: ta faro ne daga kusurwar ramin ki, ko daga inda walda ta ci gefen ƙarfe, ko wani tabon kurfi. Ƙarfe mai taushi yakan lanƙwashe, mai shi ya ankara. Mai gautsi, kamar ƙarfen zubi ko wanda aka ƙona aka tsoma a ruwa, ɓallewa yake yi farat ɗaya, bakinsa ya fito da tsaki-tsaki yana ƙyalli.

Mai sayar da yadi ya san sirrin. Da ya ɗan tsaga baki da almakashi, sauran sai ya yage ba wahala.

A 1913 Charles Inglis na Ingila ya fitar da lissafin abin. Rami mai da'ira a jikin faranti yana ninka matsin da ke bakinsa sau 3. Tsagi mai zurfin milimita 4, idan zagayen gindinsa milimita 1 ne, ninkin ya kai kusan 5. A tsuke gindin zuwa rubu'in milimita, ya kai 9. Zurfin bai ƙaru ba, kaifi ne kawai. Da zurfi, da kaifi, da nauyin da ke kai, da juriyar ƙarfen injiniya ke hasashen lokacin da abu zai ɓalle.

Haɗuwar murɗa da lanƙwasa ita ke rikita masu gyara. Tsagewar ba ta bin miƙaƙƙen layi. A murɗa sandar allin makaranta da hannu biyu, za a ga ta karye a karkace, kusan digiri 45. Erdogan da Sih sun nuna a Amurka a 1963 cewa tsagi yana juyawa ya ratsa ta inda jan ya fi ƙarfi. Don haka mai walda da ya liƙa faci a kan layin da idonsa ya gani, tsagewar tana iya kauce masa ta ɓullo ta gefe.

Amurkawa sun ɗanɗana illar kusurwa mai kaifi a Yaƙin Duniya na Biyu. Sun ƙera jiragen ruwan Liberty 2,710 da walda, kuma da yawa suka tsage daga kusurwoyin ƙofofin loda kaya masu kaifi. Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ta gano cewa sanyin teku ne ke sa ƙarfen gautsi. A arewacin Jigawa sanyi bai kai can ba. Abin da ya fi damun injiniyan shi ne bokitin ruwan da ake kwarawa walda don mai kaya yana sauri. Sanyaya ƙarfe mai yawan kabon da gaggawa yana taurara gefen waldar, ya bar shi da gautsi daidai inda tsagi yake.

Shawararsa ga masu gareji ba ta cin kuɗi. A bar walda ta huce da kanta, ko a binne ta cikin busasshen yashi. A goge kusurwa ta zama zagaye. Sifirin da ya tsage a sauya shi, ba a yi masa walda. Shaf da ake zargi kuwa a wanke, a jiƙa da kananzir, a share, a barbaɗa garin alli: kananzir ɗin da ya ɓuya cikin tsagi zai tsattsafo ya zana layi. Tsohuwar dabarar ma'aikatan jirgin ƙasa ce, kuma injiniyan yana so a riƙa yin ta a duk lokacin da aka kwance shaf don sauya boris.