Idan rina ta yi gida a cikin kwale-kwale

A wani ƙauye da muke aiki a bakin tafkin Kainji, wasu matasa biyu sun tura kwale-kwalen da ya yi makonni a ajiye, ba su duba shi ba. Sai da suka yi nisa da gaɓa, ɗayansu ya ɗaga tamfol, rina ta taso daga ƙarƙashin katakon zama. Su biyun suka zabura gefe ɗaya, kwale-kwalen ya kife. Sun tsira don sun iya ruwa, amma tarunsu ya tafi. Da akwai mata da yara a ciki, da labarin ya sha bamban. Wannan ne ya sa muka shirya wannan darasi domin ƙungiyoyin masunta da masu fito.

Mu san wanda muke fama da shi

Ƙwari biyu ne suka fi yin gida a jirgi, kuma halinsu ba ɗaya ba ne.

Rina tana zama ne cikin taro. Tana kankaro busasshen itace, ta tauna shi da yawunta, ta gina saƙa mai kama da takarda, mai ƙananan ramuka, rataye da ɗan siririn wuya. Ƙwanta da tsutsotsinta suna cikin ramukan, shi ya sa take faɗa idan an girgiza gidan. Ƙudan zuma kan yi harbi sau ɗaya ya bar ƙarinsa a jikin mutum, amma rina ɗaya tana iya harbi sau da yawa. Idan kuma aka murtsuke ta, jikinta yana fitar da wani wari da ke tayar da 'yan uwanta.

Zanzaro shi kaɗai yake aikinsa. Yana gina ɗan ɗaki da laka, ya sa gizo-gizo ko tsutsar da ya sumar da harbi, ya yi ƙwai, ya liƙe. Ba kasafai yake harbin mutum ba. Ɓarnarsa ita ce toshe ƙananan kafofi. A injin jirgi yakan cika ƙofar da ruwan sanyaya inji ke tsartowa, ko kafar shan iska ta tankin mai. Kada mu raina wannan. A watan Fabrairu na 1996 wani jirgin sama ƙirar Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka mutu. Masu bincike sun gano cewa bututun auna gudun jirgin ya toshe, kuma sun fi zargin ginin zanzaro, domin jirgin ya yi kwanaki a ajiye ba a rufe bakin bututun ba.

Me ya sa suke son jirgi?

Jirgin da aka kife a gaɓa ko aka rufe da tamfol yana da inuwa, ruwan sama ba ya shiga, babu mai taɓa shi. Ga katako a wurin, ga laka da ruwa a kusa. Saboda haka duk jirgin da ya yi mako ɗaya ko biyu ba a motsa shi ba, mu ɗauka cewa wataƙila yana da baƙi.

Duba kafin a tura

1. Mu tsaya nesa kaɗan mu lura na 'yan mintoci. Idan ƙwari suna shiga suna fita daga wuri ɗaya, akwai gida a can.
2. Mu buga jikin jirgin da doguwar gora, mu ja da baya, mu jira.
3. Mu leƙa ƙarƙashin katakon zama, da ƙuryar goshi da ta baya, da cikin taru, da murfin inji.
4. Bayan an ta da inji, mu tabbata ruwan sanyaya yana tsartowa. Idan bai fito ba, a kashe inji, a zungure kafar da ɗan zaren kamun kifi mai ƙarfi.

Yadda za a cire gidan rina

A yi aikin a kan tudu, ba a cikin ruwa ba. Lokacin da ya fi shi ne da asuba kafin rana ta fito, sa'ad da rina ke lafe a kan saƙarta, sanyi ya rage mata kuzari. A kawar da yara da dabbobi. Wanda harbi ya taɓa kumbura masa fuska ko ya toshe masa numfashi kada ya kusanci wurin.

Mai aikin ya sa riga mai dogon hannu, da wando mai kauri, da takalmi rufaffe, da safar hannu, ya rufe kansa da wuyansa, ya sa gidan sauro a fuska. Ya share hanyar gudu tun kafin ya fara. Idan da tocila, a ajiye ta a ƙasa can gefe, domin rina tana bin haske.

A dama omo cike da tafin hannu biyu a bokitin ruwa, a sheƙa wa saƙar gaba ɗaya har ta jiƙe sharaf. Ruwan sabulu yana nauyaya fikafikansu, yana kuma toshe ƙananan kafofin da suke numfashi da su a gefen jiki. A ja da baya. Bayan kamar rabin awa, a kankare saƙar da sanda, a binne ta, a wanke gurbin. Washegari a sake dubawa, domin waɗanda suka kwana a waje sukan dawo su soma sabon gini. Ginin zanzaro kuwa kankarewa kawai yake bukata.

Abubuwan da ba za mu yi ba

Kada a yi amfani da wuta ko fetur. Jirgin katako ne, an liƙe shi da kwalta, sau da yawa kuma akwai jarkar mai a ciki. Kada a fesa piya-piya ko maganin feshin gona. Ruwa zai wanke shi zuwa kogin da muke sha, ya kashe kifi, ya kuma taɓa kifin da za mu ɗora a jirgin. Irin wannan illa ce ta sa ƙasashen duniya suka amince a 2009 a daina amfani da sinadarin da ke cikin Gamalin. Gidan rinar da ke can daji, nesa da mutane, mu ƙyale shi, domin rina tana kama tsutsotsin da ke cin amfanin gona.

Idan rina ta taso a tsakiyar ruwa

Kowa ya zauna inda yake, ya sunkuya, ya rufe fuska da riga ko zane. Kada a miƙe, kada a yi ta kaɗa hannu, kada a faɗa ruwa. Matuƙi ya nufi gaɓar da ta fi kusa. Zafin harbi yana wucewa, amma kifewar jirgi tana cin rai. Wannan wani dalili ne na sa rigar kariya ta ruwa a kowace tafiya.

Taimakon farko

A wanke wurin da sabulu. A cire zobe ko awarwaro kafin kumburi ya kama. A ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, ko tsumma mai sanyi, na minti 10. Parasitamol yana rage zafi. Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma yana sa barci, don haka wanda ya sha kada ya tuƙa jirgi.

A garzaya asibiti nan take idan leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko murya ta shaƙe, ko jiri ya kama, ko ƙuraje suka feso a duk jiki. Wannan yana iya kisa cikin mintoci, kuma allurar adirinalin ce maganinsa. A kwantar da mutumin a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ke ba shi wuya, a zaunar da shi. Haka kuma a kai wanda aka harba a cikin baki, da wanda ya sha harbi da yawa, musamman yaro, da wanda fitsarinsa ya yi duhu daga baya, domin dafi mai yawa yana taɓa ƙoda.

Tambayoyi don tattaunawa

Wa ke duba jirgi a mashigarmu kafin a ɗauki fasinja?
Shin mun san waɗanda harbi ke yi wa illa sosai a cikinmu?
Wane asibiti mafi kusa ne ke da allurar adirinalin, kuma yaya za mu kai mutum can da dare?
Wace doka za mu iya tsarawa tare da Sarkin Ruwa game da jiragen da suka daɗe a ajiye?