Tuƙin Jirgi Mara Matuƙi a Cikin Zaure da Matsattsun Wurare

Kafin damina ta faɗi akan so a duba rufin zauren hakimi ko na masallaci, a ga ko gara ta ci azara, ko baka ta tsage. A da sai an kafa tsani mutum ya hau. Yanzu kuwa akwai ƙaramin jirgi mara matuƙi, mai farfela huɗu da kyamara, wanda zai tashi ya nuna wa na ƙasa abin da ke sama. Amma tuƙinsa a ɗaki dabam yake da tuƙinsa a fili, ya kamata hakimi da malaminsa su san dalili kafin su bari a shiga da shi.

A fili jirgin yakan tsaya cik a iska, gama taurarin ɗan Adam na GPS suna sanar da shi inda yake. Ƙarƙashin rufi wannan saƙo ba ya isowa sosai. Abin dogararsa sai ƙananan idanun da ke ƙarƙashin cikinsa, masu kallon daɓe, su kuwa sai da haske da ƙasa mai zane suke gani. In ɗakin da duhu, ko daɓen sumul ne mai sheƙi, sai jirgin ya dinga zamewa shi kaɗai har ya bugi bango. Saboda haka a kunna fitilu, a kashe fanka, a shimfiɗa tabarma mai launi a danne gefunanta, don kada iskar farfela ta ɗaga ta.

Babban haɗari yana cikin wata dabara da aka yi don alheri. An shirya jiragen nan yadda in magana ta yanke tsakaninsu da na'urar da ke hannun mai tuƙi, sai su yi sama tukuna, sa'an nan su koma inda suka tashi. A gona wannan ceto ne. A zaure kuwa, sama ita ce rufi. Lalle ne a sāke wannan umurni tun jirgi yana ƙasa, a sa shi ya tsaya wuri ɗaya in magana ta yanke. Batir ma in ya yi rauni yakan tā da wannan komawa, don haka a sauke shi tun da sauran sulusin caji. Wannan ita ce tambayar farko da malamin hakimi zai yi wa mai jirgi. In ya yi inda-inda, a sallame shi.

Sai maganar gudu. Jirgin DJI Mini 2, wanda ya fito a 2020, nauyinsa bai kai giram 250 ba, yana da matakin gudu uku: mita 16 a daƙiƙa, da mita 10, da mita 6. Ko na ƙarshen, watau mai alamar C, ya isa ya ƙetare zaure kafin a ƙifta ido sau biyu. Shi za a zaɓa, a riƙa taɓa sandunan tuƙi kaɗan kaɗan. Wannan jirgi ba shi da ido a gaba da zai hango bango. Masu irin wannan ido ma sukan kasa ganin gilashi da siririyar waya.

Kada a matsa kusa da rufi ainun, gama iskar da farfela ke zuƙa daga sama takan ja jirgin ya manne can. Bango ma yakan ja shi haka. A ɗaura masa kejin farfela, a share yanar gizo, a fitar da yara da 'yan kallo. Tsohon soro kuma ba ya rasa jemage, gara a kore su tukuna.

Tun 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta sanar cewa ba a tā da irin jirgin nan a sararin ƙasar sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Malami ya nemi ganin takardar, ya rubuta lambarta da sunan mai jirgi a littafin ofis.