Fenti: Abin Da Ya Zauna A Bango Shi Ka Saya

Da Salla ta gabato, ko an sa ranar biki, sai ka ga magidanta a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suna ta cinikin fenti. Yawancinmu girman bokiti da sauƙin kuɗi muke dubawa. To, jama'a, ya kamata mu san abin da ke cikin bokitin nan.

Fenti kashi biyu ne. Akwai mai tashi, wato ruwa ko tina, wanda yake bin iska da zarar an shafa. Akwai kuma mai zama, wato garin launi, da alli ko farar ƙasa, da gam ɗin da ke riƙe su a jikin bango. Mai zaman nan shi ne ke tare wa bango zafin bazara da ruwan damina.

Ga yadda ake auna shi a ɗakin gwaji. Akan ɗibi fenti kamar giram ɗaya a zuba a ɗan faranti na alminiyam, a ɗora a sikeli. Sai a gasa shi awa guda a zafin digiri 105 zuwa 110, a bari ya huce, a sake aunawa. In rabin giram ya rage, mai zama kashi 50 ke nan cikin 100. In kwata ya rage, yawancin kuɗinka ruwa ka saya.

Amma a lura, nauyi kaɗai yakan ruɗi mutum, domin alli yana da nauyi, ga shi da arha. Mai ha'inci sai ya cika alli ya rage gam. Saboda haka a shafa kaɗan a gefen bango, in ya bushe sarai a goga tafin hannu. In hannu ya yi fari fat, gam ya yi ƙaranci, damina ɗaya za ta wanke shi. Arha ba ta ado.

Wani abu kuma, a busasshen fentin nan ne ake auna dalma, wadda akan samu a wasu fentin mai, musamman ja da rawaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Mu Zamfarawa mun san gubar dalma, tun da a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta hanyar daka duwatsun zinariya. Fenti mai dalma in ya ɓantare, garinsa kan shiga bakin yaro mai rarrafe.

Don haka kafin a biya, a duba sunan kamfani da tambarin hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON, a jikin bokiti. Mai shafa fenti kuma ya tsaya ga adadin ruwan da kamfani ya rubuta, kada ya tsinka shi don ya auka. Allah Ya sa mu gane, amin.