Tagwaye a Gidan Ishaku, Tagwaye a Gidajenmu

Karatu: Farawa 25:19-34, 27:41-45, 33:1-11
Ayar haddacewa: Zabura 127:3
Manufar darasi: Mu gane cewa son kai tsakanin 'ya'ya ya kan soma tun suna ƙanana, a kan ƙananan abubuwa, mu kuma koyi yadda za mu tsare gidajenmu daga gare shi.

Gabatarwa

Wanda ya bi unguwannin Jalingo da safe, ko Magami ko Mayo Gwoi ko Sabon Gari, ba zai daɗe ba sai ya gamu da mace da ɗa ɗaya a baya, ɗaya a hannu, rigarsu iri ɗaya, hularsu iri ɗaya. Masu wucewa su kan gaishe ta, su ce, "Sannu, Uwar biyu." Tagwaye ba baƙi ba ne a ƙasarmu. A shekarar 2021 masana na Jami'ar Oxford da abokan aikinsu suka bayyana cewa ana haihuwar tagwaye wajen sau miliyan 1.6 kowace shekara a duniya, watau cikin jarirai 42 ɗaya ɗan tagwaye ne. Afirka ta Yamma kuwa tana cikin wuraren da suka fi yawansu.

Wannan darasi domin iyayen tagwaye ne, musamman waɗanda 'ya'yansu suka bar rarrafe suka soma tatata. Amma duk wanda ya ke da ɗa fiye da ɗaya zai sami rabonsa a ciki.

1. Amsar addu'a mai nauyi

Ishaku yana da shekara 40 sa'ad da ya auri Rifkatu, yana da shekara 60 sa'ad da ta haihu. Shekara 20 ke nan suna jira. Ishaku ya roƙi Ubangiji domin matarsa, Ubangiji kuwa ya ba su fiye da abin da suka roƙa. Amma kyautar ta zo da wahala tun daga ciki, gama 'ya'yan suna kokawa da juna, har Rifkatu ta gaji, ta tafi neman bayani wurin Ubangiji.

Sai mu lura, Littafi Mai-Tsarki bai zargi Rifkatu domin ta yi kuka ba. Uwar da ta kwana tana tashi, wannan ya yi shiru wancan ya soma, in ta ce ta gaji ba ta yi zunubi ba, ba ta kuwa raina kyautar Allah ba. Abin koyi shi ne inda Rifkatu ta kai kukanta.

Sunayen yaran suna da ma'ana a Ibrananci. Sunan Yakubu yana da dangantaka da kalmar da ta ke nufin diddige, domin ya fito yana riƙe da diddigen wansa. Edom, sunan da aka laƙaba wa Isuwa daga baya, yana da dangantaka da kalmar ja. Ciki ɗaya, rana ɗaya, amma tun daga sa'ar haihuwa mutum biyu ne dabam.

2. Tagwaye a idon mutane

Al'ummai ba su ɗauki tagwaye da ido ɗaya ba. A ƙasar Kalaba a dā ana jin tsoronsu har a kan yashe su a daji. Mary Slessor, wadda ta iso can daga Sikotlan a 1876 ta kuma rasu a 1915, ta ba da yawancin ranta tana ceton irin waɗannan jarirai da iyayensu mata. Yarbawa kuwa suna girmama su ƙwarai. A Hausa akwai sunaye da aka tanada musu, Hassan da Husaini, Hassana da Husaina, wanda ya biyo bayansu kuma a kan ce masa Gambo. Akwai kuma wata doka da tsofaffi su ke kiyayewa: abin da aka ba ɗaya tilas a ba ɗayan, in ba haka ba, wai za su yi fushi su jawo wa gida masifa.

Littafi Mai-Tsarki bai koya mana tsoron tagwaye ba, bai kuwa ce suna da wani iko na ɓoye ba. Feresa da Zera, 'ya'yan Yahuza, tagwaye ne, ungozoma ta ɗaura wa ɗaya jan zare a hannu domin ta shaida shi (Farawa 38:27-30), Feresa kuwa yana cikin kakannin Ubangijinmu Yesu (Matiyu 1:3). Sunan manzo Toma ma'anarsa ɗan tagwaye. Yara ne kamar sauran yara. Duk da haka kada mu yi saurin raina dokar tsofaffi. Dalilinta tsoro ne, mu kuwa ba mu tafiya da tsoro, amma abin da ta ke tsarewa gaskiya ne: gidan da aka fifita ɗa ɗaya a kan ɗan'uwansa, masifa tana bakin ƙofarsa. Gidan Ishaku shi ne shaida.

3. Inda tsagewa ta soma

A karanta aya 27 da 28 a hankali. Isuwa ya zama maharbi, mutumin jeji, Yakubu kuwa mai zaman gida. Wannan bambanci ba laifi ba ne. Laifin yana cikin aya 28: uban ya karkata ga Isuwa, uwar ta karkata ga Yakubu. Marubucin ya faɗi dalilin Ishaku a fili, watau naman farauta da ya ke ci. Ba wani babban abu ba ne. Uba ya so ɗan da ya ke faranta masa rai.

Mun taɓa ganin farkon irin wannan a wani gida na masu-bi a nan Jalingo. Tagwayen mata ne, sun kusa shekara biyu. Ɗaya mai jiki ce, mai fara'a, da ta ji motsin ubanta sai ta sheƙa ta tarye shi. Ɗayar siririya ce, mai yawan kuka, kullum tana manne da zanen uwarta. Uban ya kan ɗauki ta farin, ya ba ta ƙosan da ya sayo, ya ce cikin wasa, "Wannan ita ce tawa, waccan ta uwarta ce." Kowa ya yi dariya. Ran nan wata tsohuwa ta Zumuntar Mata tana wurin, sai ta ce masa, "Ɗana, kai wasa ka ke yi, amma yarinyar nan tana ji. Ranar da ta iya magana, maganarka za ta maimaita maka." Ya ce, "Mama, ai ba ta san kome ba tukuna." Ta ce, "Ta san wanda a ke ɗauka, ta san wanda a ke bari."

Mutumin nan ba mugu ba ne, Ishaku ma ba mugu ba ne. Haka son kai ya kan shigo, ba da shawara ba, sai ta wurin ɗan da ya fi sauƙin riƙo, ko wanda ya fi kama da mu, ko wanda ya riga ɗan'uwansa tafiya da magana.

Wani zai ce, "Ai Allah da kansa ya zaɓi Yakubu tun ba a haife shi ba." Gaskiya ne, Bulus kuwa ya yi bayaninsa a Romawa 9:10-13. Amma zaɓen nan zancen alkawari ne da zuriyar da Mai-Ceto zai fito daga cikinta, asirinsa kuwa na Allah ne. Bai ba Rifkatu izinin ruɗin mijinta ba, bai kuwa ba Ishaku izinin bin cikinsa ba. Daga baya Shari'ar Musa ta hana uba ya danne hakkin ɗan fari domin ya fi son uwar wani ɗan (Maimaitawar Shari'a 21:15-17). Allah ya san zuciya da ƙarshen al'amari. Mu ba mu sani ba, aikinmu shi ne mu ƙaunaci duk waɗanda aka damƙa mana.

4. Abin da aka girba

Rifkatu ta sallami Yakubu zuwa wurin wanta Laban da nufin ya yi 'yan kwanaki, domin tana tsoron ta rasa 'ya'yanta biyu rana ɗaya. 'Yan kwanakin suka zama shekara 20, ba mu kuwa karanta cewa ta sāke ganinsa ba. Ɗan da ta fi so shi ne ta rasa. Ishaku kuma, ɗan da ya fi so shi ne ya tsaya gabansa yana kuka domin albarkar da ta kuɓuce masa.

Abin bai tsaya nan ba. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yakubu, wanda ya san zafin rashin ƙaunar uba, shi ne ya fifita Yusufu har 'yan'uwansa suka ƙi shi (Farawa 37:3-4). Ko a ranar da zai gamu da Isuwa, sai ya jera iyalinsa bisa ga yadda ya ke son su, Rahila da Yusufu a can baya inda hatsari ya fi nisa (33:2). Yaran nan suna da ido, sun ga inda aka tsai da kowa.

Amma alherin Allah ya fi kuskuren iyaye. Isuwa, wanda ya zo da mutum 400, shi ne ya sheƙa ya rungumi ƙanensa. Sa'ad da Ishaku ya rasu yana da shekara 180, tagwayen, tsofaffi masu shekara 120, tare suka binne shi (35:28-29). Wanda ya ga ya riga ya yi kuskure a gidansa kada ya fid da zuciya.

5. Aiki a gida

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ga waɗansu abubuwa da za mu iya somawa yau.

Na fari, kwano biyu. Daidaita yara ba shi ne a yi musu kome iri ɗaya ba. In aka zuba wa tagwaye abinci a kwano ɗaya, ga ido an yi adalci, amma mai ƙarfi ne zai cinye, mai rauni ya tashi da yunwa ba wanda ya sani. A gidan da muka ambata, haka aka tarar. A ba kowa kwanonsa, babba ya zauna kusa ya ga abin da kowa ya ci. Doyar Zing da tuwon masara suna cika ciki, amma ƙaramin yaro yana bukatar wake, da kunun gyaɗa, da ƙwai, da kifi, da ganye. Wannan ba ƙaramin zance ba ne. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, wajen ɗaya cikin tagwaye biyar ya kan mutu kafin ya cika shekara 5, watau wajen ninki uku na sauran yara.

Na biyu, kati biyu. Kowane yaro da katinsa na asibiti, da awon nauyinsa, da allurarsa ta rigakafi. In ɗaya ya kamu da zazzaɓi ko gudawa, a kai shi a duba shi, kada a raba maganin ɗan'uwansa a ba shi. Su kwana cikin gidan sauro, tun ba da damina ba. A rufe bakin rijiya da randa, a kuma kau da su daga murhu, gama mai tsaron biyu, kafin ya kamo wannan wancan ya yi nisa.

Na uku, suna biyu. Mu rage kiransu "'yan biyu" kamar mutum ɗaya ne. A kira kowa da sunansa, a yi masa magana shi kaɗai ko na ɗan lokaci kowace rana, gama tagwaye su kan ɗan yi jinkirin magana, zance da babba kuwa shi ne ya ke buɗe baki. Kada a gwada su da juna a gabansu, a ce wannan ya fi wayo, wancan ya fi rigima. In suka yi faɗa a kan abin wasa, kada kullum a ce wa Hassan ya haƙura domin shi ne babba, alhali 'yan mintoci ne tsakaninsu.

Na huɗu, iyaye biyu. Kada gida ya rabu, ɗa ɗaya na uba, ɗaya na uwa. Uba ya nemi wanda ba ya zuwa wurinsa da kansa, ya ɗauke shi. Uwa ta yi haka nan. Mai gida da ya riƙe ɗa ɗaya domin matarsa ta yi wa ɗayan wanka, ko ta runtsa kaɗan, bai rage girmansa ba. Kada kuma a manta da yayyensu, musamman 'yar da aka mai da ita mai reno har ta daina zuwa makaranta.

Na biyar, ikilisiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar suna kowa ya kan zo, amma nauyin ya fi yawa bayan shekara guda, sa'ad da baƙi suka watse. Mu kan ga mata zaune a bakin hanya da tagwaye suna bara, waɗansu domin al'ada, da yawa domin rashi. Abin kunya ne gare mu in 'yar'uwa ta kai ga haka muna kallo. Mudun wake, ko ɗiban ruwa, ko riƙon yaro lokacin sujada domin uwar ta ji wa'azi, duka hidima ce ga Ubangiji.

Tambayoyi

1. Mene ne dalilin da aka bayar na ƙaunar Ishaku ga Isuwa? Wane irin "naman farauta" ne ya ke karkatar da zuciyarmu ga ɗa ɗaya?
2. Me ya sa zaɓen Allah bai wanke Ishaku da Rifkatu daga laifi ba?
3. Ina bambanci tsakanin ƙaunar 'ya'ya daidai da yi musu kome iri ɗaya?
4. Wace al'ada ce game da tagwaye a ƙabilarka ta dace da koyarwar wannan darasi, wace ce kuma ta saɓa mata?
5. Akwai gida mai tagwaye ko ƙananan yara da yawa a ikilisiyarku? Me za ku yi musu cikin wannan mako?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai da ka san kowane ɗa da sunansa tun yana ciki, ka gafarta mana inda muka fifita wani muka bar wani. Ka ƙarfafa iyaye mata da suka gaji, ka buɗe idon iyaye maza su ga ɗan da ya ke tsaye a gefe. Inda 'yan'uwa suka rabu saboda kuskurenmu, ka sāke haɗa su kamar yadda ka haɗa Isuwa da Yakubu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.