Yadda A Ke Fafe Akushi Daga Ƙullutun Itace

Zuwa ga Hakimai da Malamansu na ƙasar Gwarzo da Kabo.

Kowa ya bi hanyar Getso ya ga itatuwa waɗanda wani ƙullutu ya fito a jikinsu kamar ƙari. Masassaƙa ba su son shi, domin zarensa a murɗe ya ke, gizago ba ya cinsa da daɗi. Saboda haka a kan jefa shi murhu. Wannan hasara ce, gama murɗewar nan ita ce ke ba akushi zane mai kyau wanda babu irinsa a itace miƙaƙƙe.

Abin da ya gagari gizago, injin juya itace ya na iyawa. Shi injin nan riƙe itacen ya ke yi, ya na juya shi, masassaƙi kuwa ya kafa kaifin ƙarfe, itacen ya riƙa kawo kansa. Ga yadda a ke yi:

1. A rage kusurwoyin ƙullutun da gatari ko zarto, har ya kusa zama kewayayye. A ɗaure shi tam.

2. A fara a hankali. Ƙullutu gefe ɗaya ya kan fi nauyi, kuma sau da yawa akwai rami ko ɓawo a ɓoye cikinsa. In an ba shi gudu ya na iya tarwatsewa ya yi wa mutum rauni. Lalle masassaƙi ya kāre fuskarsa.

3. A gama bayan tukuna, sa'an nan a fafe cikin kaɗan kaɗan, a na tsayawa a na kwashe ɓarɓashi.

4. In itacen ɗanye ne, kada a sirantar da shi nan da nan. A bar kaurin jikinsa wajen kashi 1 cikin 10 na faɗinsa, watau akushi mai faɗin inci 10 a bar masa inci 1.

5. A binne shi cikin ɓarɓashinsa a inuwa, nesa da iskar hunturu, don ita ke tsaga shi. A riƙa aunawa. Ran da nauyinsa ya daina raguwa ya bushe, sai a mayar kan inji a ƙarasa, a goge, a shafa man kaɗe.

Amma akwai gargaɗi. Yanke babban ƙullutu daga itace mai rai ya kan bar miki, ruɓa ta shiga, itacen ya mutu. Ɗorawa ko kaɗanya mai ciyar da gida shekara da shekaru ta fi akushi ɗaya daraja nesa ba kusa ba. Don haka a na roƙon Hakimai su umurci dagatai da masu unguwanni, kada kowa ya ɗauki ƙullutu sai daga itacen da ya faɗi, ko wanda malamin daji ya ba da iznin sarewa. Malamai kuma su karanta wa masassaƙa wannan takarda ran kasuwa.