YADDA AKE ZANA SIFFOFI A TAKARDUN OFIS DA KWAMFUTA

Tsofaffin ma'aikata waɗanda suka yi zamani da tafireta sun san irin wahalar da akawu kan sha idan aka ce ya fitar da zanen tsarin ofis. Sai ya fara buga kalmomin yana barin fili tsakaninsu, sa'an nan ya zare takardar, ya ɗauko rula da biro ya ja akwatuna da hannu. In layi ɗaya ya karkace, ko tawada ta ɗiga, aikin yini guda ya tashi a banza. Yau kwamfuta ta ɗauke wa ma'aikaci wannan nauyi. Amma duk da haka, wanda ke shiga ofisoshi da makarantu da asibitoci yakan ga sanarwa manne a bango, akwatunanta wani ya ɗara wani, kibiya tana nuna inda ba can ake nufi ba, rabin kalma kuma ya ɓuya a bayan layi. Mutumin da ya taso daga ƙauye da asuba, karatunsa kuwa bai yi zurfi ba, zanen nan shi ne jagoransa. Idan zanen ya ruɗe shi, sai ya bi layin da ba nasa ba har rana ta take.

Wannan darasi zai bi aiki guda ɗaya daga farko har ƙarshe, watau zana sanarwar da za ta nuna wa majiyyaci matakan da zai bi a ƙaramin asibiti: yankar kati, awo, ganin ma'aikacin lafiya, da karɓar magani. Wanda ya iya wannan, ya iya zana tsarin shugabancin ofis, da taswirar hanyar zuwa wurin taro, da makamantansu. Za mu yi misali da manhajar Microsoft Word, wadda ta fara fitowa a 1983, domin ita aka fi samu a ofisoshinmu. Sunayen maɓallan da za mu ambata su ne na tsarin da aka shigo da shi a 2007, wanda ake kai har yanzu da 'yan canje-canje kaɗan. Mun bar su da Turanci yadda suke a fuskar kwamfuta domin mai karatu ya gane su in ya gan su.

ABIN DA YA KAMATA A FARA FAHIMTA

Siffar da ka zana a kwamfuta ba ta manne wa takarda kamar tawada. Ka ɗauke ta tamkar guntun kwali da ka yanka ka ajiye a kan tebur: kana iya matsar da shi, ka juya shi, ka ɗora wani a kansa. Kwamfuta ba hoton siffar take ajiyewa ba, ma'auninta take riƙewa, watau tsawo kaza, faɗi kaza, kaurin layi kaza. Shi ya sa ko ka faɗaɗa da'ira ta cika takarda gefenta ba ya dushewa, alhali hoton da aka ɗauka da waya yakan yi hazo idan an ja shi. Wannan dabara ta daɗe. Tun a 1963 wani ɗalibi a Amurka mai suna Ivan Sutherland ya nuna manhajar Sketchpad, wadda ake zana layuka da ita a fuskar kwamfuta da wani irin alƙalami mai haske.

Amfanin wannan fahimta shi ne, abin da ke iya motsi yana iya watsewa. Yawancin ɓarnar da ake gani a takardun ofis daga nan take.

KAFIN A JA LAYI KO ƊAYA

Da farko duba girman takarda. Takardar da ake sayarwa a kasuwanninmu ita ce A4, faɗinta santimita 21, tsawonta santimita 29.7. Kwamfutoci da yawa kuwa suna zuwa a saite da takardar Amurka mai suna "Letter", wadda ta ɗan fi faɗi, ta kuma fi gajarta. Shiga "Layout", ka zaɓi "Size", ka tabbatar A4 ce. Idan an cire gefen takarda na santimita 2.54 a kowane ɓangare, filin aikinka kusan santimita 16 ne a faɗi, 24 da ɗoriya a tsawo. Akwatuna biyar masu tsayin santimita 2.5, da tazarar 1.5 tsakanin kowane biyu, sun ci santimita 18.5, saura wurin kanun sanarwa. Yin wannan ɗan lissafi a bayan ambulan kafin a taɓa kwamfuta ya fi a yi ta gyara daga baya.

Sa'an nan shiga "Insert", ka danna "Shapes". Jerin siffofi zai sauko: layuka, kibau, murabba'i, da'ira, alwatika, taurari da sauransu. Kada ka yi gaggawar zaɓe. A can ƙasan jerin akwai "New Drawing Canvas". Danna shi tukuna. Wani fili mai iyaka zai bayyana a takardar, a cikinsa za ka yi zanenka duka. Misalinsa kamar faifan mai talla ne: kayan da ke kai, in an ɗaga faifan, tare suke tashi. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, nan gaba kaɗan kuwa za a ga dalilin da ya sa bai kamata ba.

ZANA AKWATIN FARKO

Koma "Shapes" ka zaɓi murabba'i mai dari. Alamar linzamin kwamfuta, wanda ake kira maus, za ta koma kamar alamar tarawa ta lissafi. Danna maɓallin hagu ka riƙe, ka ja zuwa ƙasa ta dama, ka saki. Akwati ya samu.

A nan ne maɓallin "Shift" ke da babban aiki, ya kuwa cancanci a haddace shi. Idan ka riƙe shi lokacin da kake ja, murabba'i zai fito da ɓangarori huɗu daidai wa daida, da'ira za ta fito cikakkiya maimakon siffar ƙwai, layi kuma zai miƙe sak a kwance ko a tsaye. Sharaɗin shi ne ka fara sakin maus kafin ka saki "Shift". In ka saki "Shift" da fari, siffar ta karkace ke nan.

Da ka danna akwatin za ka ga ƙananan ɗigogi kewaye da shi. Na kusurwa suna ƙara tsawo da faɗi tare, na tsakiyar gefe suna ja ɓangare ɗaya kawai. Wata alama a samansa ita ce ta juyawa. Wasu siffofin kuma suna da ɗigo ruwan ɗorawa wanda ke canza kamanninsu, alal misali ya ƙara lanƙwasar kusurwa ko ya faɗaɗa kan kibiya. Amma kada ka dogara da ido wajen girma. A shafin "Shape Format", can gefen dama, akwai gurabe biyu na tsayi da faɗi. Rubuta 2.5 da 8, in da santimita kwamfutar ke awo. In kuwa da inci take yi, ka tuna inci 1 santimita 2.54 ne.

Domin sa rubutu, danna akwatin da maɓallin dama na maus, ka zaɓi "Add Text", ka rubuta "Yankar kati". Wannan ya fi a zana akwati dabam a ɗora masa rubutu dabam, gama rubutun da ke cikin siffa tare da ita yake tafiya duk inda ta je.

Abin lura ga masu rubuta Hausa: haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba kowane salon rubutu ke da su ba. Idan ka zaɓi wani salo na ado, sai ka ga harafi ɗaya ya fita dabam da 'yan'uwansa, ko ya koma ɗan akwati. Arial da Times New Roman na kwamfutocin yau suna ɗauke da su.

Kada ka zana akwati na biyu da hannu. Gyara na farko har ya yi maka, launinsa da kaurin layinsa da girman rubutunsa, sa'an nan ka danna shi, ka danna "Ctrl" tare da harafin D. Zai haifi irinsa sak. Yi haka sau uku, ka canza rubutun kowanne. In hannu ya kuskure a ko'ina, "Ctrl" da Z suna mayar da kai baya taki ɗaya.

Masu zanen matakan aiki suna da al'adar da aka sani a duniya: siffar ƙwai ita ce farawa da ƙarewa, murabba'i mai dari mataki ne, murabba'in da ke tsaye bisa tsininsa kuwa tambaya ce mai amsa biyu. A sanarwarmu tambayar ita ce "Kana da kati?" Wanda ya ce i, ya wuce wurin awo, wanda ya ce a'a, ya nufi wurin yankar kati. Ita ce siffa ta biyar, ita ce kuma za ta zauna a sama.

JERAWA DA HAƊAWA

Riƙe "Shift" ka danna siffofin ɗaya bayan ɗaya har duka su zaɓu. A "Shape Format" ka nemi "Align". "Align Center" zai jera su bisa layi guda daga sama zuwa ƙasa, "Distribute Vertically" kuma zai raba tazarar da ke tsakaninsu daidai. Aikin da ido zai shafe rabin sa'a yana yi bai daidaita ba, dannawa biyu ta gama shi. In kana son matsar da siffa ɗan kaɗan, yi amfani da maɓallan kibau na allon rubutu.

Yanzu ga amfanin faifan nan da muka ce a fara shimfiɗawa. Zaɓi kibiya daga cikin layuka, ka kawo maus bakin akwati. Ƙananan ɗigogi za su bayyana a tsakiyar kowane gefe. Fara jan kibiyar daga ɗigon ƙasan akwatin sama, ka ƙare a ɗigon saman na ƙasa. Kibiyar ta ƙulle ke nan. Gobe in shugaban asibiti ya ce a matsar da akwatin awo gefe, kibiyar za ta bi shi da kanta. A cikin Word wannan ƙulli ba ya kamawa sai a cikin filin zane. A wajensa kibiya layi ce kawai da aka ajiye kusa da akwati, da an taɓa akwatin sai a bar ta tana nuna iska. A PowerPoint da Excel kuwa yana kamawa kai tsaye. Domin kibiyar da za ta tsallake akwatin yankar kati ta sauka a wurin awo, zaɓi layi mai gwiwa, wanda ke karyawa ya bi ta gefe.

Idan wata siffa ta rufe wata, "Send Backward" na mayar da ita ƙasa, "Bring Forward" na fito da ita sama. Idan kuma an gama, a zaɓi siffofin duka a danna "Group", su zama dami ɗaya.

TURKE

Saura abin da ya fi ba ma'aikata ciwon kai. Ka gama zane tsaf, ka ƙara sakin layi biyu a sama, sai ka ga zanen ya yi tsalle zuwa wani shafi, ko ya hau kan rubutu. Dalili shi ne kowace siffa a Word a ɗaure take da wani sakin layi, kamar akuya da turkenta. Idan ka danna siffar da ke yawo bisa takarda, za ka ga 'yar alamar angar jirgin ruwa a gefe. Nan ne turken. In sakin layin ya koma wani shafi, siffar ta bi shi. In ka share shi duka tare da angar, siffar ma ta tafi.

Maganin abin yana cikin "Wrap Text". "In Line with Text" na zaunar da zanen a cikin layi kamar babban harafi, ba ya hawa kan komai. A ganinmu shi ya fi aminci ga filin zane a cikin wasiƙa ko rahoto. "Square" na sa rubutu ya kewaye shi. "In Front of Text" kuwa shi ke rufe rubutu, sai a kiyaye shi in ba da niyya ba.

LAUNI DA BUGAWA

Word takan cika sabuwar siffa da launi mai duhu, rubutun ciki kuma fari. A fuskar kwamfuta yana da kyau. Amma yawancin firintocin ofis baƙi da fari suke bugawa, in kuma aka yi fotokwafi sau biyu sai akwatin ya zama baƙi ƙirin, tawada ta ƙare a banza. Shiga "Shape Fill" ka zaɓi fari, "Shape Outline" ka zaɓi baƙi, rubutu ma baƙi, manya-manya yadda tsoho zai karanta daga nesa. Kada kuma ma'ana ta rataya ga launi kaɗai, gama akwai mutanen da ba sa bambanta ja da kore. A rubuta "I" da "A'a" kusa da kibau.

Ofishin da ba shi da Word yana iya amfani da LibreOffice, wadda ta fito a 2011, kyauta ake sauke ta. Siffofin suna nan, "Shift" na aiki iri ɗaya, ɓangarenta mai suna Draw kuma yana da kibau masu ƙullewa. Sai dai fayil ɗin da aka yi a wata manhaja aka buɗe a wata yakan ɗan gurɗe. Saboda haka in za ka kai aikin shagon bugawa, ko ka aika wa wani ofis, ajiye kwafi biyu: na Word domin gyaran gaba, da na PDF, wanda ke riƙe siffofi da haruffa yadda ka bar su.

Buga kwafi ɗaya tak da fari. Manna shi a bango, ka kira masinja ko mai gadi wanda bai ga aikin ba, ka tambaye shi: wanda ba shi da kati, ina zai fara zuwa? In ya nuna daidai ba tare da ka yi masa bayani ba, sai a buga sauran.