Yadda Ake Neman Wuta a Injin da Aka Sake Haɗawa

An sauke inji, an sa sabon ringi da gasket, an mayar da shi mazauninsa. Ka murza makulli, kik na juyawa garau, amma mota ta ƙi tashi. A garejojin Garwa, daga Yelwa har Rumde Ajiya, abin da yaran gareji ke fara cewa shi ne koyil ta mutu, a aika kasuwa. Kada ka aiki kowa tukuna. Koyil ɗin da ta kawo motar nan gareji da ƙafarta da wuya ta mutu don ta kwana a kan benci. A injin da aka kwance, laifi galibi yana inda hannu ya taɓa.

Fara tabbatar da cewa wutar ce babu. Ciro fulogi ɗaya, wanda kanikawan nan ke kira buji, ka sa shi a wayarsa, ka jingina gindinsa da ƙarfen inji, wani ya murza. Kada ka riƙe shi da hannu, kuma a kawar da kwalbar fetur ɗin zuwa-zuwa da aka wanke kaya da shi, don tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Shuɗiyar wuta mai ƙara "tas, tas" ita ake nema. In ta fito amma injin na tari ta baya, matsalar taimin ce: a duba jerin wayoyi, 1-3-4-2 a injin Toyota mai silinda huɗu, a kuma duba ko an dasa dalko, mai rarraba wuta ga fulogogi, a juye.

In babu ko ƙyas, koma kan batir. Cikakke yana nuna bolt 12.6, kuma kada ya faɗi ƙasa da 10 yayin da kik ke juyawa. Zafin Maris da Afrilu na Garwa, da kan haura digiri 40, yana cin batirin da ya yi makonni a ajiye.

Sai wayar mas, kuma nan ne nake roƙon bakanike ya zauna ya natsu. Akwai kakkaurar waya daga batir zuwa jikin inji, akwai kuma wasu ƴan sirara masu zobe a baki da ake ɗaurewa a kan silinda ko a manifol. Ta nan kwamfutar mota ke samun mas. Ranar haɗi, gajiya kan sa a bar ɗaya tana lilo a bayan inji inda ido ba ya kai. Zura hannu ka lalubo ta. In an yi wa injin fenti don ya burge mai mota, kankare wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli kafin ka ɗaure, domin wuta ba ta ratsa fenti.

Yanzu kunna makulli ba tare da murzawa ba. Fitilar inji ta kama a dashbod? In ba ta kama ba, duba fiyus na EFI da rilensa. In ta kama, taɓa fitilar gwaji a bakin koyil ka ga ko wuta na isowa.

A Carina E da tsofaffin Corolla masu injin 4A-FE, koyil tana cikin dalko. Buɗe murfin, a murza, ka kalli rota. In bai juya ba, bel ɗin taimin ne ko haɗin dalko da kamshaf. A injin 1ZZ kuwa babu dalko, sensar kirankshaf ce ke gaya wa kwamfuta lokacin ba da wuta. Duba ko soket ɗinta ya shiga har ya yi "ƙwas". Farantin haƙora da take karantawa yana da harafin F, wanda dole ya fuskanci waje; in an sa shi a juye, sai an sake buɗe murfin taimin, babu wata dabara.

Bayan duk wannan ne ake zargin koyil, kuma ko a nan ma aro ta wata mota ka gwada kafin mai mota ya fitar da sefa ɗaya.